Gwanjo Zuwa Makka

Mansur, Makka
12 ga Sha'aban 1434

Yaya Hure,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara da jikoki. Yaya kunnen naki? Ni dai gwiwar ce har yanzu, in na yi ɗawafi ɗaya sai na yi kwana biyu ina shafa mai. 'Yarki Minnatullah tana gaishe ki.

Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce. In na kira ki sai kin sa an ƙara murya, gida duka ya taru ana saurare, ke kuma kina ta “Me kika ce?”

Kin san tun rasuwar maigidana Malam bara abubuwa suka rikice mana. Iƙamar Minna, takardar zamanta a ƙasar nan, a ƙarƙashin tasa take. Ni mutanen gidan da nake yi wa girki sun karɓi tawa, amma sun ce ba su da gurbin yarinya. In Muharram ta kama ba ta sami kafili ba, wato wanda zai tsaya mata a takarda, sai ta bar ƙasar. Yarinyar da aka haifa a nan, ko Kano ba ta taɓa gani ba, Hausarta ma rabi Larabci ce. Ita kaɗai gare ni, Yaya. Tsoro nake ji, wallahi.

Akwai wata mata, Wafa, mai mashgal a unguwar Zahir, shagon ɗinkin mata ke nan. Ta ce za ta ɗauki yarinya ɗaya ta tsaya mata, amma 'yan mata tara ne ke nema. Shi ne ta sa musu gwaji. Bayan Hajji kowacce za ta kawo shiga iri uku ta kharif, kuma da tsofaffin kaya kawai, ban da sabon yadi.

Na ce wa Minna mene ne kharif? Ta ce lokacin da ganye ke zuba a ƙasashen sanyi. Na ce kaka ke nan, lokacin girbi? Ta ce a'a, ba ruwansa da gero. Na ce to wane ganye ne zai zuba a Mansur, mu da ko bishiya ɗaya babu a layinmu? Ta ce, “Ya Ummi, ke ba ki fahimta, khalas, a bar maganar.”

Gaskiya ta faɗa, ban fahimta ba. Kullum tana gaban kwamfuta tana kallon tsofaffin finafinan Turawa na soyayya da ban dariya, irin waɗanda mace da namiji za su yi ta faɗa tun farko, a ƙarshe kuma su yi aure. Ba ma labarin take bi ba. Sai ta tsayar da fim ɗin cak, ta ɗauki fensir ta zana rigar da matar ta sa. Wai irin shigarsu za ta haɗa. Sau biyu muna zuwa haraj, kasuwar tsofaffin kaya ta nan, babu komai sai abaya da jallabiya.

Shi ne na tuna ai ke kike da rumfar gwanjo a Ƙofar Wambai. Ga abin da take so: doguwar kwat mai launin shayi da madara, da kwat ta maza wadda za ta yi mata yawa, mai faci a gwiwar hannu, da rigar sanyi mai dogon wuya, da abin naɗe wuya na ulu. Ta ce in gaya miki iya tsufansu iya kyansu. Kada ki tambaye ni dalili, ni ma saƙo aka ba ni.

Da kayan Malam suna nan da na duba ciki, amma duk na sadakar bayan arba'in kamar yadda aka saba. Ko hula ban rage ba. Yanzu in kewarsa ta taso mini ba ni da abin da zan riƙe a hannu.

Ki ba masu zuwa Umarar azumi su taho mini da su.

Ƙanwarki,
Mairama

Kano
5 ga Ramadan 1434

Mairama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yaya ibada? Kunne yana nan yadda kika san shi, na dama yana ji, na hagu yana hutawa. Ki daina matsa wa gwiwar nan.

Takardarki ta zo, na karanta sau uku, na ba Goggo Zali ta karanta, har yanzu ba mu gane kanta ba. Shekara talatin ina sayar da gwanjo, ban taɓa jin an aika shi Makka ba. Daga can ake kawo kaya, Mairama! Abaya, jallabiya, zinare, turare. Yau kuma ke kike cewa in kwaso tsummokaran Turawa in tura ƙasa mai tsarki? Da wane baki zan gaya wa wanda zai ɗauka?

Kuma kwat a Makka? Ni da na je Hajji takalmina sai da ya yi laushi a kan kwalta. Yarinyar nan lafiyarta ƙalau kuwa? In masassara ke damunta ki faɗa, a aiko mata da sassaƙe. Ko kuwa Bature ta samu za ta bi shi ƙasarsu, kike zagaye-zagaye?

Mutum ɗaya na taɓa sani mai sa kwat cikin zafi, shi ne ubanta, Malam Falalu, Allah ya jiƙansa. Kin tuna zuwansa zance na farko? Tsakiyar bazara, ya zauna a zaure gumi na zuba har tabarma, an yi an yi ya cire ya ƙi. Sai bayan aure muka ji ashe rigar ciki ce ta yage a baya. Jiya da na tuna sai da na yi dariya ni kaɗai a rumfa, har mai ciniki ta ɗauka da ita nake.

Bari in gaya miki abin da muka gano ni da Goggo. Babu wata Wafa, babu wani harifi ko me kuka ce. Hali ne ya yi tsanani tun rasuwar mijinki, suturarku ta ƙare, kina jin nauyin roƙo, shi ne kika ƙirƙiro labarin fim. Haba Mairama! Ciki ɗaya muka fito, ni za ki yi wa haka? Goggo har kuka ta yi. Kuma ba zan ɓoye miki ba, dangi duk sun ji.

Ga saƙo nan hannun Alhaji Rabe maƙwabcinmu: atamfa turmi huɗu, leshi biyu, duk sababbi fil, ko ruwa ba su taɓa ba. Ku ɗinka ku sa. Muddin ina da rai 'yata ba za ta sa gwanjo a Makka ba.

Maganar iƙama kuwa, in da gaske ne, ta taho mana. Kano ba daji ba ce.

Yayarki,
Hure

Mansur, Makka
4 ga Shawwal 1434

Yaya Hure,

Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu. Muna lafiya. Alhaji Rabe ya kawo saƙo, mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

Amma Yaya, kin kashe ni. Mutum uku sun kira ni daga Kano suna yi mini jaje. Alhaji Rabe da ya shigo sai leƙe-leƙe yake yi, har ya tambaye ni ko mun yi sahur. Ba mu rasa sutura ba! Wafa kuma mutum ce mai rai, na gan ta da idona, doguwa ce mai tabarau. Babu Bature, babu masassara.

Minna da ta buɗe ta ga atamfa sai ta dube ni ta ce, “Ummi, Khala Hure ba ta karanta wasiƙar ba ne?” Na ce ta karanta sau uku. Ta ce to mushkila ɗin a ina take?

Kin ce ta taho Kano. Na san za ki riƙe ta fiye da ni. Amma ni fa? Ba zan iya barin aikina in biyo ta ba, kabarin ubanta ma a nan yake. In ta tafi, ni da bango za mu zauna. Saura wata uku. Sauran 'yan matan tuni sun fara ɗinki, wata ma 'yan'uwanta a Sham suka aiko mata da kaya.

Na ƙara tambayarta don me sai tsoho. Ta ce a finafinan nan matar ba ta yin kama da wadda ta yi kwalliya. Kamar ta fito da sauri ne ta zari kwat ɗin wani ta sa, hannun ya rufe mata yatsu, shi ne kyan. Na ce mu a garinmu wannan sunansa aron riga, kuma ba a alfahari da shi. Ta ce, “Aiwa! Shi nake so.” To kin ji.

Ga zanenta guda huɗu na sa a cikin takardar nan. Ki duba da kyau. TSOHO take so, Yaya, tsoho. Wanda ya koɗe, wanda ya sha jiki. Alhazai za su fara tasowa wata mai kamawa, kuma su ne damarmu ta ƙarshe, don gwajin ranar ashirin da biyar ga Zulhajji ne. Don Allah don Annabi kada ki aiko da sabo. Kuma ki gaya wa Goggo Zali ta share hawayenta.

Ƙanwarki,
Mairama

Kano
16 ga Zulƙida 1434

Mairama,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ruwa da ya yi mana yawa bana, katangar baya ta zube amma ba ta taɓa kowa ba.

To yanzu na gane! Da tun farko kin aiko da zanen ai da ba a yi wannan wahala ba. Yarinyar nan ta iya zane, ma sha Allah, sai dai duk matan da ta zana kamar an yi musu sata sun fito da abin da ya rage.

Sabuwar dila na fasa saboda ita, na hana kowa taɓawa sai da na zaɓa. Na sami doguwar kwat, na sami ta maza mai faci, na sami rigar sanyin, duk yadda ta zana. Amma da na baje su a rana na duba, sai na ce a'a. Tsoho kuka ce, na ji, amma gaban mutane za a kai su, kuma za a ce daga wajen Hure suka fito. Shi ne na kai wa Ɗaso mai ɗinki muka zauna kwana uku a kansu.

Doguwar kwat ɗin launinta ya koɗe, ba shayi ba madara, sai na kai marina aka tsoma ta, ta fito baƙa wuluk tana sheƙi. Maɓallanta na itace ne, wani ma ya tsage, muka cire muka sa masu ruwan zinare. Ta mazan kuwa mutum biyu za su shiga cikinta. Ɗaso ta farke ta, ta cire soson kafaɗa, ta rage ta daidai jikin budurwa. Facin nan na gwiwar hannu ni da kaina na ɓamɓare, ashe ƙasan ma ba a yage yake ba, kawai wani ne ya liƙa don rashin aikin yi. Rigar sanyin wuyanta har haɓa, zai shaƙe ta, muka yanke muka yi mata aiki da zare ja a ƙirji. Wallahi in kin gan su ba za ki ce gwanjo ba ne. Duk wadda ta zo rumfa sai ta taya, na ce na Makka ne.

Suna hannun Hajiya Asiya, ƙanwar mijina, jirginsu jibi. Na sa muku man shanu kwalba biyu, da daddawa da kuka da yaji. Don kada kwalaben su fashe na naɗe su da wasu tsummokara da suka ƙi sayuwa, na ƙasan rumfa, waɗansu sun fi shekara ashirin a wurin, ban ma san daga wace dila suka fito ba. In kin kwance ki zubar, ko ki yi goge-goge da su.

Ki ce wa 'yata ta kwantar da hankalinta, ta riga ta ci.

Yayarki,
Hure

Mansur, Makka
19 ga Zulhajji 1434

Yaya Hure,

Barka da Sallah. Alhazai sun sauko lafiya, Hajiya Asiya tana nan ƙalau sai mura da ta kwaso a Muzdalifa. Ba ta sami kawo mana kayan ba sai shekaranjiya, masaukinsu da nisa. Na ba wani mai jirgin farko wannan takarda, don ba zan iya riƙe maganar a cikina ba.

Yaya, ban san ta inda zan fara ba. Minna ta kwance jakar. Ta ɗaga baƙar kwat ɗin, ta dubi maɓallan zinaren, ta ajiye. Ta ɗaga ta mazan, ta juya hannun tana neman faci. Da ta zo kan rigar sanyi mai jan zare sai ta zauna a ƙasa ta ce, “Ummi, wa ya yi musu haka?” Na ce Khalarki ce ta gyara miki. Sai kuka. Ni kuwa a idona sun yi kyau, har ina shirin cewa ma sha Allah. Kada ki ji haushi, na san don ƙauna kika yi.

Na bar ta na shiga kicin ina kwance kwalaben. Ina jefar da tsumman a bakin ƙofa sai na ji ihu. Na fito da gudu na ɗauka kunama ce. Na tarar ta rungume tsummokaran nan naki, suna warin daddawa, man shanu ya ɗiga a jikin ɗaya, tana tsalle tana cewa, “Hada huwa! Su ne, Ummi, su ne!” Akwai wata rigar sanyi mai launin ƙasa da asu ya ɗan taɓa, da wani dogon ƙyalle na ulu, da wata doguwar riga mai ɗamara. Abin da kuka yi kwana uku a kansa yana gefe, abin da kika ce a zubar yana ƙirjinta. Kaina ya ɗaure tamau.

Sai ta zaro na ƙarshe, wanda kika naɗe babbar kwalba da shi. Kwat ce ta maza, ruwan toka, mai faci a gwiwar hannu. Ta sa ta, hannun ya rufe mata yatsu, ta juya tana dariya.

Na kama hannun kwat ɗin na duba. Facin dama jar fata ne, na hagu baƙa. Ni na ɗinka su, Yaya. Ina amarya, gwiwar hannun ta cinye, na roƙi guntayen fata wajen dukawan bakin layinmu, ba a sami iri ɗaya ba. Kwat ɗin Malam ce, ita ce ta zaure, ta ranar gumi. Ranar da za mu taso ya ajiye ta a rumfarki ya ce ki sayar, Makka ba a sa kwat. Shekara ashirin da shida ba wanda ya saya. Ke kin manta, ni ma na manta, sai ga ta ta biyo mu da kwalbar man shanu a cikinta.

Na cire ta daga jikin yarinyar, na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Ga inda matsalar take. Sharaɗin Wafa shi ne kayan wadda ta ci sun zama na shago, za a rataye su can, ba a dawo da su. Minna ta ce wannan kwat ita ce kan shigar, sauran biyun rakiya ne. Da na gaya mata ta wace ce, sai ta ce, “Khalas, Ummi, ki riƙe. In ban ci ba zan je wajen Khala.” Ko gardama ba ta yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Kwana biyu ke nan kwat ɗin tana kan gadona. Abu ɗaya nasa da ya rage a duniya. Saura kwana shida. Ki taya ni addu'a, don ni ban san me nake yi ba.

Ƙanwarki,
Mairama

Mansur, Makka
6 ga Muharram 1435

Yaya Hure,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Hajiya Asiya jirgin ƙarshe ta samu, ita za ta kawo miki wannan. Na ji saƙonki ta bakin ɗanki a waya, wai kin yi kwana biyu ba ki fita kasuwa ba. Ki daina, ba ki yi laifin komai ba.

Na ba Minna kwat ɗin. Ana gobe gwaji na dube ta tana goge baƙar nan taki, tana ƙoƙarin cire maɓallan zinare. Sai na ga ashe hankalina ne ya gushe, zan riƙe riga in saki 'ya. Na ɗauko na ɗora mata a kafaɗa. Mun wanke ta sau huɗu, mun turara ta da turaren wuta, amma in ka matso kusa daddawar tana nan.

Na raka ta Zahir. Waje rana kamar ta fasa kai, ciki an ƙure na'urar sanyi, 'yan mata tara suna yawo cikin kayan sanyi, ni ina zaune a gefe da abayata ina kallon ikon Allah. Wafa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Minna ta kama gwiwar hannun ta daɗe tana dubawa, ta ce wa ya yi tunanin sa fata kala biyu? Minna ta nuna ni. Matar nan ta cire tabarau ta ce mini ina da ido. Ni! Na buɗe baki zan ce ai rashin samun iri ɗaya ne, Minna ta taka mini ƙafa.

Ita aka ɗauka, Yaya. An fara aikin takardunta, jiya ta kai hotuna. Alhamdu lillahi. Ki gaya wa Goggo Zali yanzu ta yi kukan da dalili.

Baƙar kwat ɗinki ba ta yi asara ba, Hajiya Asiya ta gani ta ce tana so, ga ta nan za ta dawo muku da ita Kano. In an tambaye ta, tsarabar Makka ce.

Ta Malam kuwa tana rataye a bangon mashgal, sama da teburin yanka. Alhamis biyu ke nan, in na tashi daga aiki sai in shiga mota in kai wa Minna abincin rana. Ta ce, “Ummi, akwai abinci a nan,” na ce na sani. Akwai wata kujera a ƙarƙashin bangon, nan nake zama har la'asar. Wafa tana nuna ni ga masu zuwa, tana ce musu wannan Hajiyar ta fi kowa fahimtar kharif, dubi yadda take kallon kwat ɗin nan.

Har yau ban san mene ne kharif ba, kuma ban ga ganyen da ya zuba ba. Na dai san wanda ya yi gumi a cikinta.

Ki gaida kowa da kowa. Minna ta ce in tambaye ki, wai akwai sauran tsumma a ƙasan rumfa? Ta ce kada Ɗaso ta gani.

Ƙanwarki,
Mairama